Laifin Na'ura Ne Ko Na Manomi?

A duk lokacin da aka kawo wata sabuwar na'ura ko wani sabon tsari na zamani, aka kai wa mutanen karkara suka kasa amfani da shi, hukuncin da mu 'yan boko muka saba yankewa guda ɗaya ne, wato mutanenmu ba su waye ba. Ana faɗar haka a ofisoshin Birnin Kebbi, ana faɗa a ɗakin hutawar malamai, har shi kansa manomin ya ji an maimaita masa ya gaskata. Shi ya sa za ka ga dattijo mai gonar shinkafa a fadamar Argungu, wanda ke riƙe da lissafin shuka da girbi da bashi duk a ka, ya miƙa wa yaron da bai sani ba wayarsa da lambar sirrinsa a bakin kasuwa, yana cewa, "Ɗana, taimaka mini, mu ba mu iya abin nan naku ba."

Ra'ayina shi ne, galibi wannan hukunci ba a yi adalci a cikinsa ba. Idan mutum ɗaya ya kasa sarrafa na'ura, ana iya cewa laifinsa ne. Amma idan mutum dubu masu hankali, waɗanda ke riƙe da gidaje da gonaki, suka yi tuntuɓe a wuri ɗaya, to, dutsen da ke kan hanyar ya kamata a duba. Akwai fannin ilmi sukutum da aka kafa domin duba wannan dutse. Bari mu kira shi injiniyancin sauƙin amfani, wato ilmin tsara kayan aiki yadda za su dace da jiki da tunani da halin zaman wanda zai yi aiki da su, tare da gwada su a hannunsa kafin a ƙera da yawa. Ya kamata ɗalibanmu na sakandare su san da shi, domin kimiyya ce, kuma sana'a ce da yankinmu ke matuƙar bukata.

Darasi daga maƙera da bakin ruwa

Tushen abin ba baƙo ba ne a wurinmu. Manomin da ya je maƙera sayen fartanya ko lauje ba ya biya sai ya ɗauka ya jinjina, ya gwada sara. In ya ce ƙota ta yi masa tsawo, ko bakin ya yi nauyi, maƙeri zai gyara nan take, kuma zai tuna da wannan ƙorafi ran da zai ƙera wata.

Haka ma kayan masunta. Dubban mutanen da ke faɗawa Matan Fada ranar gasar kamun kifi ta Argungu, bikin da ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, wanda kuma hukumar UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2016, homa da gora kawai suke ɗauke da su. Mai karatu ya dubi goran nan da idon injiniya. Yana ɗauke da masunci a kan ruwa, yana adana kifin da aka kama, ya kuma bar hannuwa biyu su ji da homa. Ba a taɓa rubuta masa littafin bayani ba, siffarsa ce ke gaya wa mutum yadda zai yi da shi.

Abin da ya kawo wannan dacewa shi ne kusanci. Mai ƙira da mai amfani maƙwabta ne, kuka yana isa kunnen mai gyara a yini ɗaya. Kayan zamani kuwa sun yanke wannan zumunci. Wanda ya rubuta manhajar da ke cikin wayar manomi yana zaune a Legas ko a ƙasar Sin, cikin ɗaki mai sanyi da wuta da intanet, bai taɓa tsayawa cikin laka da rana tsaka yana neman lamba ba. In bai yi hankali ba, kansa zai ɗinka wa riga ya aiko wa wani ya sa.

Yadda fannin ya samo asali

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sojojin saman Amurka sun yi fama da wani haɗari mai ɗaure kai. Matuƙan jirgin yaƙi ƙirar B-17 sukan dawo lafiya daga aiki, su sauka, sa'an nan su naɗe tayoyin jirgin yana cikin gudu a ƙasa, jirgi ya kwanta rub da ciki. A rahoto sai a rubuta cewa kuskuren matuƙi ne. A 1943 wani matashin masanin halayyar ɗan Adam, Alphonse Chapanis, ya shiga ɗakin tuƙin ya duba. Sai ya tarar maɓallin naɗe tayoyi da maɓallin ƙananan fikafikan rage gudu iri ɗaya ne, ga su dab da juna. Mutumin da ya gaji bayan sa'o'i a sama dole wata rana ya taɓa wannan a maimakon wancan. Maganin da aka yi bai kai ya kawo ba: aka maƙala 'yar ƙaramar taya ta roba a kan maɓallin tayoyi, aka yi wa ɗayan siffar fiffike, yadda hannu zai bambance su ko ido bai duba ba. Wannan irin haɗari ya kusan ɓacewa, alhali matuƙan su ne dai na jiya.

Da kwamfuta ta fita daga hannun ƙwararru ta shiga ofisoshi da gidaje, sai aka ɗauko wannan darasi. A 1985 masu bincike biyu na kamfanin IBM, John Gould da Clayton Lewis, suka shimfiɗa ƙa'idoji uku. Ta farko, a san masu amfani da aikinsu tun daga farkon tsarawa. Ta biyu, a ba su abin su gwada, a auna abin da ya faru. Ta uku, a gyara a sake gwadawa, a yi ta maimaitawa har abin ya zauna. A 1993 Jakob Nielsen, ɗan ƙasar Denmak, ya wallafa littafin da ya yaɗa sunan fannin, a 1998 kuma hukumar ma'aunai ta duniya, ISO, ta bayyana sauƙin amfani da abubuwa uku da ake iya aunawa: shin mutum ya cim ma bukatarsa, wane lokaci da wahala abin ya ci masa, kuma ya gamsu ko bai gamsu ba. Ɗalibin kimiyya zai lura cewa wannan ita ce hanyar da muke bi a ɗakin gwaji, wato lura da awo da maimaitawa. Ra'ayin shugaban ofis cewa abin yana da sauƙi ba hujja ba ce.

Takin zamani ta wayar hannu

Misali mafi kusa da mu shi ne na rabon taki. A 2012, zamanin da Dokta Akinwumi Adesina yake Ministan Aikin Gona, Gwamnatin Tarayya ta sauya hanyar raba takin zamani mai rangwame. Ministan ya sha faɗin cewa a tsohon tsari manoma 11 kacal cikin 100 ke samun takin, saura yana ƙarewa a hannun 'yan kwangila da 'yan siyasa. A sabon tsari, wanda aka fi sani da GES, manomi zai yi rajista da lambar wayarsa, a aiko masa da saƙon tes, ya je cibiyar dillali ya nuna, ya biya rabin kuɗi ya karɓi buhu biyu tare da iri. Dabara ce mai kyau, kuma ta kai taki ga miliyoyin manoman da a da sai dai su ji labari. Ba na cikin masu kushe ta.

Sai dai tsarin ya ɗauka cewa kowane manomi yana da wayar kansa, wayar tana da caji, layin da ya yi rajista da shi bai ɓata ba, garinsu akwai sabis, kuma yana karanta rubutun boko. Duk wanda ya san ƙauyukan da ke bin kwarin Rima ya san a wancan lokaci da wuya a sami mutum ɗaya da ya cika waɗannan sharuɗɗa biyar. Wani wayar ɗan'uwansa ya bayar, ɗan'uwan kuma ya tafi cin rani. Wani malami ne da ke karanta Larabci da ajami tiryan-tiryan, amma saƙon ya zo da haruffan da bai saba da su ba. Wani ya isa cibiya da saƙonsa, ya wuni a layi saboda babu sabis ɗin da dillali zai tabbatar da shi.

A wurin masanin tsirrai, jinkirin nan yana da farashi. Shinkafa tana da lokutan da ta fi bukatar takin yuriya, wato sa'ad da take 'ya'ya da kuma sa'ad da take shirin ɗaukar ciki. Takin da ya iso bayan waɗannan lokuta ba zai mayar da abin da aka rasa ba. Saboda haka kuskuren da aka yi a kan tebur wajen tsara hanyar karɓa yakan bayyana a yawan buhunan da aka ɗaure ranar girbi.

A 2014 cibiyar bunƙasa takin zamani ta duniya, IFDC, ta gwada wata hanya a maƙwabciyarmu Jihar Sakkwato da kuma yankin Abuja. Aka ba manomi kati mai ɗauke da bayanansa, in ya zo cibiya sai a taɓa katin a jikin na'urar ma'aikaci, a tabbatar da shi ko da babu sabis, daga baya a aika da bayanan. Manomi bai bukaci waya ba, bai bukaci karatu ba. Mutumin da aka ce bai waye ba shi ne dai ya zo ya karɓi takinsa, tsarin ne aka gyara. Abin tambaya shi ne, me ya hana a gano waɗannan matsaloli tun kafin a baza tsarin a ƙasa baki ɗaya? Mako guda a ƙauye uku tare da manoma ashirin ya isa ya tona mafi yawansu.

Abin da jikin ɗan Adam ke iyawa

A nan ne ilmin halittu yake da ta cewa, domin mai amfani da na'ura halitta ne mai fata da ido da ƙwaƙwalwa, kuma kowanne yana da iyakarsa.

Mu fara da yatsa. Da Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa na Babban Bankin Nijeriya a Jihar Kebbi cikin Nuwamba 2015, manoma da yawa sun shiga banki a karon farko, domin shirin ya bukaci asusu da lambar BVN, ita kuwa ba ta samuwa sai na'ura ta ɗauki zanen yatsa. Zanen nan yana kafuwa tun jariri yana ciki, kuma tushensa yana can ƙarƙashin fatar sama, shi ya sa ba ya sauyawa. Amma samansa yana goguwa. Hannun da ya shekara yana riƙe ƙota, yana dasa shinkafa cikin laka, ko yana jan igiyar taru, tuddan zanensa sukan lafa. Tsufa yana ƙara shafe su, hunturu kuma ya busar da fata ta tsattsage. Na'urar da aka gwada a kan yatsun ma'aikatan ofis dole ta yi gardama da irin wannan hannu. A zaɓen 28 ga Maris 2015, ko Shugaban Ƙasa na lokacin, Goodluck Jonathan, sai da na'urar tantance masu zaɓe ta ba shi wahala a mazaɓarsa ta Otuoke. Na'urar BVAS da aka yi babban zaɓen 2023 da ita tana duba fuska idan yatsa ya ƙi, wato an buɗe ƙofa ta biyu ga wanda ta farko ta ƙi buɗe masa. 'Yan matanmu ma sun san wannan matsala, domin hukumar JAMB ta sha gargaɗin masu jarrabawa game da ƙunshin lalle a yatsu.

Sai ido. Daga wajen shekara 40, ƙwayar da ke daidaita gani a cikin ido tana fara taurarewa, ƙaramin rubutu na kusa ya riƙa dushewa. Wannan ba cuta ba ce, kowa zai tarar da ita in ya yi tsawon rai. Magidanta da yawa da ke riƙe da gonaki sun wuce wannan shekara, ba su da tabarau, kuma a fili suke duba waya, inda hasken rana ke cinye na fuskar wayar. Rubutun da ya yi kyau a idon saurayi ɗan shekara 25 a cikin inuwa, a wurinsu babu shi.

Na uku, ƙwaƙwalwa. A 1956 George Miller ya nuna cewa abin da mutum ke iya riƙewa a ka na ɗan lokaci bai wuce guda bakwai ba, ko sama ko ƙasa kaɗan, binciken baya ma ya rage adadin zuwa wajen huɗu. Shi ya sa lambobi 20 na katin mitar wutar lantarki ake rubuta su huɗu-huɗu. To, a duba abin da muke nema daga mai tura kuɗi da ƙaramar waya: ya tuna lambar bankinsa, ya shigar da lambar asusu mai alƙaluma 10, ya zaɓi banki daga dogon jeri, ya sa lambar sirri, duk kafin layi ya yanke a koma farko. Wanda ya kasa bai yi abin kunya ba.

Ɗalibai suna da nasu misalin mai daɗi. Da JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta a 2015, yara da yawa daga makarantun karkara sun san amsa amma hannunsu bai saba da linzamin kwamfuta ba. A 2017 hukumar ta kawo tsarin maɓalli takwas: A, B, C da D don zaɓen amsa, sauran huɗu don gaba da baya da miƙa aiki da komawa. Ba a sauƙaƙa tambaya ko ɗaya ba. An dai cire wani cikas da ba shi da alaƙa da abin da ake son aunawa.

Su wa ke yin wannan aiki?

A kamfanonin da suka ɗauki abin da muhimmanci, aikin rabe yake tsakanin mutane da dama. Na farko shi ne mai binciken masu amfani. Shi ne ke zuwa gona da kasuwa da asibiti, ya zauna ya kalli yadda mutane ke aikinsu, ya yi tambaya, ya rubuta. Shi zai gano, alal misali, cewa manomi da buhu da kwano yake lissafi, yana kuma auna gona da yawan irin da take ci ko buhunan da take bayarwa, don haka tambayarsa hekta nawa gare shi neman amsar ƙarya ce.

Na biyu shi ne mai tsara matakai, wanda ke yanke shawarar abin da zai fara fitowa, abin da zai biyo baya, da yadda mutum zai koma in ya yi kuskure. Na uku mai zanen fuskar manhaja, mai kula da girman rubutu da launi da alamomi. Aikinsa ya fi ado nisa. Hoton ambulan yana nufin saƙo ne ga wanda ya taɓa karɓar wasiƙa, hoton keken sayayya kuma yana nufin saye ne ga wanda ya saba shiga babban kanti.

Na huɗu mai tsara kalmomi, kuma a nan muke da babban gibi. Fassara daga Turanci kalma da kalma ba ta wadatarwa. Shin "soke" za a rubuta ko "fasa"? Shin Hausar Kano za a naɗa a murya, ko wadda kunnen Bakabe ya saba da ita? Ina labarin masu jin Zabarmanci da Fulatanci da Dakarci, waɗanda duk 'yan jihar nan ne? Ko ƙugiyar haruffa tana da nauyi, domin in ta faɗi, ƙasa ta koma kasa, ɓata ya koma bata. Na biyar shi ne mai gwaji da awo, sa'an nan injiniyan manhaja da zai gina abin da aka daddale. A ƙaramin kamfani mutum ɗaya kan haɗa biyu ko uku.

Mai karatu zai ga cewa rabin waɗannan ayyuka ba sa bukatar iya rubuta manhaja. Suna bukatar harshe da haƙuri da idon lura da sanin ladabin shiga mutane. Yarinyar da ta tashi a Argungu tana iya shiga cikin gida ta zauna da matan da ke turara shinkafa, inda baƙo namiji ba zai wuce zaure ba. Wannan jari ne da ba a sayensa a Legas.

Wani lokaci binciken kan nuna cewa ba manomi ne ya kamata ya riƙe na'urar ba. Manhajar RiceAdvice ta cibiyar binciken shinkafa ta Afirka, AfricaRice, an tsara ta ne yadda malamin gona ko wani matashi da aka horar zai yi wa manomi tambayoyi, ya shigar da amsa, ya ba shi shawarar taki daidai da gonarsa. Wani bincike da aka yi a Jihar Kano, aka wallafa a 2021, ya nuna waɗanda suka sami shawarar sun ƙara amfanin gona da kashi 7 cikin 100, riba kuma da kashi 10.

Samfurin gwaji: daga takarda zuwa kwamfuta

Maginin kirki ba ya zuba kankare sai ya ja zane a ƙasa maigida ya taka ya gani. A wannan fanni zanen ƙasan shi ne samfurin gwaji, wato kwaikwayon abin da ake son ƙerawa, mai arha, wanda ba a jin zafin yar da shi. Jeff Hawkins, wanda ya ƙirƙiro ƙaramar kwamfutar aljihu ta Palm Pilot da ta fito a 1996, guntun katako ya fara sassaƙawa daidai aljihun rigarsa, ya riƙa yawo da shi yana yi kamar yana rubutu a kai, don ya ga ko girman ya dace da rayuwar yau da kullum.

Akwai manhajojin da aka yi musamman don wannan aiki. A ƙarshen shekarun 1980 masu tsari sun yi amfani da HyperCard na kamfanin Apple, wanda ya fito a 1987. Balsamiq, na 2008, yana fitar da zane mai kama da na hannu da gangan, don kada mai gwaji ya ji nauyin kushe shi. Figma, wanda aka buɗe wa jama'a a 2016, yana aiki ta intanet, mutane da yawa su yi zane tare, a haɗa shafuka yadda in an taɓa maɓalli za a wuce shafi na gaba kamar manhajar gaske. Ko PowerPoint da ke ɗakin kwamfutar makaranta yana iya wannan. Amma duk cikinsu babu wanda ya kai takarda da fensir sauri da arha, kuma babu wanda zai maye gurbin zama da mai amfani.

Ga yadda aji ɗaya zai gwada. A zaɓi aiki ƙwaya ɗaya, misali manomi ya nemi farashin buhun shanshera a kasuwanni uku ta waya. A yanka kwali daidai girman waya, a zana kowane shafi a takarda dabam. Ɗalibi ɗaya ya zama kwamfuta, aikinsa kawai ya sauya takarda idan an taɓa maɓalli, ba ya magana. Na biyu ya gaisa da baƙo, ya nemi izininsa, ya bayyana masa cewa takardar ake jarrabawa, shi ba a jarraba shi, ya roƙe shi ya riƙa faɗin abin da ke ransa yayin da yake yi. Na uku ya riƙe agogo da littafi, ya rubuta ko an kammala, minti nawa aka ci, a ina aka tsaya, sau nawa aka ɓata. Doka mafi wuya ita ce kada a taimaka. Da zarar ka ce "Baba, nan za ka taɓa," ka ɓata gwajin, domin ranar da abin zai fita ba ka nan.

Ba a bukatar taro. Lissafin da Nielsen da Thomas Landauer suka yi a 1993 ya nuna cewa mutum biyar kan tona wajen kashi 85 cikin 100 na matsalolin tsari ɗaya, in dai irin masu amfanin ɗaya ne. Saboda haka gara a gwada da biyar, a gyara, a sake gwadawa da wasu biyar. In masu amfanin iri-iri ne, kamar maza da mata, ko masu karatun boko da marasa shi, sai a nemi kaɗan daga kowane rukuni.

Abin da masu ja za su ce

Wani zai ce, maimakon a yi ta lallashin rashin sani, a koya wa mutane karatu mana. Ni malami ne, ba zan yi jayayya da neman ilmi ba. Amma manomin da ke bukatar taki a daminar bana ba zai jira a gama yaƙi da jahilci ba. Bugu da ƙari, matuƙan B-17 ba jahilai ba ne, kuma farfesa ma yakan tura kuɗi asusun da bai yi niyya ba. Tsari mai sauƙi kowa yake yi wa amfani.

Wani zai ce gwaji yana cin kuɗi da lokaci. Gaskiya ne yana ci, amma gyaran takarda gogewa ce da sake zane, gyaran tsarin da aka riga aka raba wa jiha guda kuwa sabuwar kwangila ce, ban da asarar waɗanda suka sha wahala kafin a gyara.

Wani kuma zai ce ai kayan daga waje suke zuwa, ba mu da ta cewa. Wayoyin Tecno da Itel da suka cika kasuwanninmu sun ƙaryata haka. Kamfanin Transsion na ƙasar Sin da ke yin su ya yi nazarin mai saye na Afirka, ya ba shi gurbin layi biyu saboda sabis ba shi da tabbas, da batir mai daɗewa saboda wuta ba ta zama, da kyamarar da aka daidaita don baƙar fata. Da haka ya sha gaban manyan kamfanoni a yawan wayoyin da ake sayarwa a nahiyar. Wanda ya saurari mai amfani ya ci kasuwa, kuma saurarar tana bukatar mutanen da suka san wurin.

Kira

Ina kira ga malaman kimiyya, musamman masu kula da ƙungiyoyin JETS a makarantu, su sa gwajin takarda cikin ayyukan zango mai zuwa, tun da bai bukaci wuta ko sinadari ba. Manyan makarantunmu, wato Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, da jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha da ke Aliero, da Kwalejin Fasaha ta Waziri Umaru, da Kwalejin Ilmi ta Adamu Augie da ke Argungu, ya dace su ƙi karɓar aikin ƙarshe na ɗalibin da ya gina manhaja sai ya kawo shaidar cewa mutanen da aka yi dominsu sun gwada ta, ya kuma nuna abin da ya gyara bayan gwajin. Ma'aikatun gwamnati kuma su rubuta a cikin sharuɗɗan kwangila cewa duk tsarin da za a ɗora wa manoma ko majiyyata ko 'yan fansho, sai an gwada shi a ƙauye, da tsofaffi da mata a ciki, kafin a biya kuɗin ƙarshe.

Ku kuma ɗalibai, daga yau idan mahaifi ko kaka ya miƙo muku waya ya ce ku yi masa, ku yi masa da ladabi, sa'an nan ku lura da daidai wurin da ya tsaya, ku rubuta a littafi, ku tambayi kanku yadda za a sake tsara wurin don gobe ya yi da kansa ba tare da ya ba kowa lambar sirrinsa ba. Wanda ya cika shafi goma da irin wannan lura ya riga ya fara koyon sana'ar. Allah Ya sa mu dace.